Kyanwa a Layi na Arba'in

Ƙarfe ɗayan dare a Valparaíso.
Hazon teku ya hau tudu ya rufe min taga,
jiragen ruwa na nishi can ƙasa a tasha,
ni da jinga sittin da uku, da shayin da ya huce.

Ranar farko na karanta musu doka,
shafi ɗaya tak, kowa ya sa hannu a ƙasa:
ku yi musu kan dabara har maƙogwaro ya bushe,
amma in an zo rubutu, kowa da madannansa.
Abin da ka ɗauko a wani wuri, faɗi mai shi.
Juma'a sha biyun dare ƙofa take rufuwa.
Mai bayarwa da mai karɓa, hukuncinsu ɗaya.
Suka sa hannu suna hamma,
yadda ni ma na sa a nawa zamanin.

Aikin ba wuya: manhajar da za ta jera
kwantenonin tasha bisa nauyi da ranar tashi.
Na buɗe ta Rayén Huenchul, tsaf kamar sabon kitso,
sai dai a layi na arba'in
ta raɗa wa ma'ajin lissafi suna Merkén,
sunan kyanwarta mai ido ɗaya
da hotonta ke manne a murfin kwamfutarta.
Na yi murmushi, na wuce.

Jinga sha bakwai bayan nan
na iso kan ta Baltasar Oyarzún.
Ya sauya sunaye, ya juya layuka,
ya share sawu kamar mai tafiya da baya riƙe da tsintsiya.
Amma a layi na arba'in, ga kyanwa zaune
tana kallona da idonta ɗaya.

Litinin na kira su.
Rayén ta ce, nuna masa kawai na yi, Malama,
ban ce ya kwashe ba.
Na ce, daddawa ma da nata warin.
Ta cije leɓe.
Baltasar ya daɗe yana kallon takalminsa
kafin ya ce babansa ya faɗo daga injin ɗaga kaya,
kwana tara ke nan a asibiti,
shi kuma a kujerar roba kusa da gado.

Na jawo shafin nan na nuna masa ƙasa,
layin da ba mai kaiwa gare shi:
in rayuwa ta danne ka, rubuto min kafin Juma'a,
zan ƙara maka kwanaki.
Ya ce ya ji kunyar roƙo.
Ashe roƙon kwana uku ya fi masa nauyi
da ɗaukar aikin wata a ka.

Ɗaya na ba su, su biyun.
A nan, ɗaya shi ne ƙasan rijiya.
Hannuna bai so ba, amma ya rubuta.
Har yau in mun haɗu da Rayén
a tsohon akwatin da ke jan mu zuwa tudu,
teku take kallo har mu sauka.
Ban ga laifinta ba.

Ranar jarrabawa wayoyi suka shiga kwali,
ba allo, ba madannai, sai fensir da farar takarda.
Baltasar yana can baya, yana gogewa yana sakewa
har takardar ta kusa hujewa.
Da dare na bi amsarsa da yatsa, layi bayan layi:
zagaye uku inda ɗaya ya isa,
karkatacciya, doguwa, kamar matakalar unguwarsu.
Amma ta kai gida.
Huɗu da ɗigo biyu cikin bakwai,
guntun gatari, amma nasa ne.

Shi ma ya raɗa wa ma'ajinsa suna.
Na kusantar da fitila na duba:
Eleodoro.
Washegari na tambaye shi ko wane ne.
Ya ce, jiya ya taka ƙafarsa, Malama,
taku huɗu, daga gado zuwa taga.